Mashaƙo ne ko belu? Hoton WhatsApp ba zai gaya maka ba

Tun Disambar 2022 da mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, Kano ce kan gaba a yawan masu kamuwa, kuma yara ne suka fi jin jiki. Amma duba abin da ke faruwa a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp a nan Wudil: da an ɗora hoton maƙogwaron yaro, kowa ya zama likita. Wannan ya ce belu ne, a kai wa wanzami. Wancan ya ce sanyi ne, a sayo kafso a kemis.

Ido fa ba ya yanke wannan hukunci. Ƙwayar mashaƙo iri-iri ce: wata tana fitar da dafin da ke taɓa zuciya da jijiyoyi, wata ba ta fitarwa, kuma a madubin gwaji ma kamarsu ɗaya. A nan gwajin PCR yake shigowa. Ana lakato majina daga maƙogwaro, na'ura ta nemo ɗan guntun ƙwayar gado mai ɗauke da umarnin haɗa dafin, ta yi ta kwafarsa kamar fotokwafi har sau miliyoyi, sai ya fito fili. Aikin awanni ne, alhali rainon ƙwayar a ɗakin gwaji yakan ci kwanaki.

Akwai mataki na gaba da ya fi burge ni: karanta ƙwayoyin gadon cutar don gano salsalarta, wato daga ina ta fito, wace ce 'yar uwarta. Shan-inna ce misalin da ya fi fitowa sarari. A Agustan 2016, bayan shekara 2 ba a ga asalin cutar a Najeriya ba, sai ga ta a Borno. Da aka karanta gadonta, aka ga jikar wadda aka gani a can ce tun 2011. Shekara 5 tana yawo a ɓoye ke nan! Shi ya sa har ruwan kwatamin birnin Kano ake ɗiba ana gwadawa, aikin da aka fara tun 2011.

Abin da ke damuna shi ne nisa. Babban ɗakin gwajin hukumar NCDC yana Abuja, ga mu da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a bakin ƙofa, tana yaye masu karatun ƙananan halittu. Me zai hana gwamnatin jiha ta zuba kuɗi a irin wannan ɗakin gwaji a nan, na'ura da sinadarai da wuta tsayayya? Wannan tambayar ta cancanci datarku fiye da rigimar 'yan TikTok.

Kafin nan, in ƙanenka ko ƙanwarki ta tashi da zazzaɓi, wuya ya kumbura, haɗiya ta gagara, asibiti za a nufa a ranar. Likitan da ya zargi mashaƙo ba ya jiran sakamako kafin ya fara magani. Ku kuma duba katin rigakafin jaririn gidanku: allurar Penta uku ce, a sati 6 da 10 da 14.