Askin kare na jika 32: kafin mu gama dariya, mu leƙa bayan gidajenmu

Kwanan nan bidiyon shagunan gyaran karnuka na Faransa da Amurka ya cika mana wayoyi. Ka ga an ɗora kare bisa tebur, an wanke shi, an busar da shi da inji, ana yi masa aski kamar ango. Da an faɗi kuɗin sai a bushe da dariya: euro 50, wani lokacin ma fiye, wato sama da jika 32 na sefa. To, ba mu hana kowa dariya ba, don kuɗin ya kusa albashin wata na wani ɗan gadi a nan.

Amma fa aikin ba wasa ba ne. Akwai karnuka, irin wanda Faransawa ke kira kanish, da gashinsu ke ta tsiro ba tsayawa kamar na tunkiyar Turai. In aka bar shi wata biyu ba taza sai ya dunƙule, ya riƙa jan fata, gyambo ya ɓuya a ƙarƙashi. Mai gyaran zai warware wannan dunƙulen da hannu, ya wanke, ya busar har saiwar gashi, ya goge kunnuwa, ya yanke akaifa. Ita akaifar kare akwai jijiyar jini a cikinta, in almakashi ya zarce kaɗan sai jini da ihu. Kare ɗaya yakan ci awa biyu ko uku, mutum na tsaye, bayansa na ciwo. Wanzaminmu dai in ya ce sunkuya sai ka sunkuya. Shi kuwa wancan, wanda yake wa askin na iya juyowa ya kafa masa haƙori. Ga kuɗin haya, ga ruwa da wuta, ga haraji, ga wasa bakin injin aski. A Faransa har makaranta ake shiga a koyi sana'ar a fito da takarda.

Kuma in za mu faɗi gaskiya, abin ba baƙo ba ne gare mu. Gab da Layya wa bai san yaran da ke wankin raguna a bakin kogi a Yamai ba? Biyansu ake. A fadar Damagaram dokin da za a hau ranar sallah ba shi ke gyara kansa ba. Dabbar da muke ƙauna muna kashe mata, sai dai kare bai cikin lissafin.

Abin da ya fi damunmu ke nan. Karen Azawak, wanda ya ɗauko sunansa daga yankinmu na arewacin Tawa, tun shekarun 1970 Turawa suka kai shi ƙasashensu suna ji da shi. Gashinsa gajere ne, ba ya neman wanzami. Haka ma karnukan mafarauta da na gadi da ke unguwanninmu a Maraɗi. Abin da suke buƙata kaɗan ne: a cire kaska, a yi wanka da sabulu jefi-jefi, a yi allurar rigakafi. Shi ɗin ma ba a yi. Sai a ɗaure kare da sarƙa bayan gida, kunnuwa duk ƙudaje sun cinye, ƙazwa ta zubar da gashi, a jefa masa ƙanzo, da dare kuma a ce ya tsare mana babur da awaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, wallahi sai dai addu'a. Allurar da za a yi wa karen sau ɗaya a shekara wajen ma'aikatan kiwo ba ta kama ƙafar kuɗin alluran da ake jera wa yaron da aka ciza ba, in ma an same su kusa.

Mai kare ya kai shi a yi masa. Wanda kuma kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, sannan a wuce likita a ranar, kar a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace.