Tsakanin Magani Da Maye: Halin Da Masu Ciwo Mai Daɗewa Ke Ciki

A farkon watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai sinadarin kodin, jim kaɗan bayan binciken da BBC ta fitar kan ɓarnar da yake yi wa matasanmu. A watan Janairun 2019 wani rahoto na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya na shan magunguna irin su taramol da kodin ba don jinya ba. Sai kuma a Fabrairun 2025 aka bankaɗo yadda ake haɗa wata muguwar ƙwaya a Indiya ana jibge ta a Afirka ta Yamma, abin da ya sa hukumomin Indiya suka hana sarrafa ta. Duk wannan ya isa dalilin da zai sa mu goyi bayan NDLEA da NAFDAC.

Sai dai a cikin ƙurar wannan yaƙi akwai bayin Allah da muka manta da su: masu cutar sikila, da masu ciwon daji, da waɗanda suka yi hatsari ƙashi ya ƙi lafawa. Ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara a ƙasar nan. Idan ciwon ya tsananta, farasitamol ba ya wadatarwa, dole sai magani mai ƙarfi irin mofin. Yau mai irin wannan lalura yana fama da abu uku: ciwonsa, da illar maganinsa, da kallon ɗan ƙwaya da ake yi masa a gida da asibiti.

Illar da ta fi dagewa ita ce taurin bayan gida, domin waɗannan magunguna na rage motsin hanji, kuma jiki ba ya sabawa da hakan. Maganinta yawan shan ruwa, da cin ganye kamar zogale da alayyahu, da gwanda, da tattaki gwargwadon iko, sannan a nemi likita ya haɗa da mai sassauta ciki tun ranar farko. Tashin zuciya da gyangyaɗi kuwa sukan ragu bayan 'yan kwanaki. Kafin su ragu, kada mai jinya ya tuƙa mota ko babur.

Abin da ke kisa shi ne danne numfashi. Idan iyali suka ga numfashin mai jinya ya yi ƙasa sosai, an tashe shi ya kasa farkawa, ƙwayar idonsa ta tsuke, to a garzaya asibiti, akwai allurar nalokson da ke warware wannan. Hatsarin yana ninkuwa idan aka haɗa maganin da ƙwayar barci irin su baliyam. Taramol kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya idan aka zarce ƙa'ida. Mai miligiram 50 da 100 ne NAFDAC ta amince da shi, amma na hannun 'yan talla yakan kai 225. Haka allurar fentazosin da wasu masu sikila ke yi wa kansu a gida, tana barin gyambo da taurin tsoka. Su ma diklofinak da ibufurofen da ake gudu wurinsu, daɗewa a kansu na jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda.

Wajibi ne mu bambance sabon jiki da jaraba. Wanda ya shafe makonni yana shan maganin bisa umarnin likita, idan ya yanke kwatsam zai ga zufa da gudawa da rashin barci. Wannan ɗabi'ar jiki ce, kuma likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali. Jaraba ita ce mutum ya riƙa ƙara adadi da kansa, yana ɓoyewa, yana zagaya kyamis. Wanda ya kai nan ma jinya yake buƙata, tozarci sai dai ya ƙara tura shi hannun dillalai.

Ta fuskar shari'a, malamai sun halatta amfani da abin da ke iya taɓa hankali idan lalura ta jinya ta tabbata, da hukuncin amintaccen likita, kuma gwargwadon buƙata. Shan sa don nishaɗi haramun ne. A mazhabarmu ta Malikiyya barci mai nauyi da gushewar hankali suna warware alwala, saboda haka yana da kyau mai jinya ya tattauna da likitansa kan lokutan shan magani don su dace da lokutan salla. Wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune. A azumi kuwa Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tabbatar cewa allurar magani wadda ba ta abinci ba ba ta karya azumi. Babu dalilin da zai sa mai sikila ya ƙi shan ruwa da magani har ya faɗi saboda kunyar mutane.

Aikin na kowa ne. Iyali su kulle magani inda yara ba za su kai ba, kuma kada a sammaka wa maƙwabci don ya ce bayansa na ciwo. Limamai su riƙa faɗin hukuncin mai jinya a duk huɗubar da suka yi kan shaye-shaye. Gwamnatocin jihohi su tabbatar mofin na gaskiya na samuwa a asibitocinsu, tare da maganin haidiroksiyuriya da ke rage yawan tashin sikila, domin duk wanda ya rasa a asibiti kasuwa zai nufa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa wahalarsu ta zama kaffara, Ya shiryi matasanmu. Amin.