Agogon Waya Ya Fi Maganin Kemis Amfani Ga Jariri Mai Mura

Da ƙurar hunturu ta lulluɓe Argungu, tari da mura kan yawaita, iyaye su nufi kemis neman antibayotik. Wannan asarar kuɗi ce: antibayotik ba ya kashe ƙwayar bairos irin RSV, wadda ke zama mura ga babba amma take iya toshe hanyoyin huhun jariri.

Abin da ya fi amfani yana cikin kowace waya, har ƙaramar Nokia: agogo. A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana natse. A ma'aunin WHO, sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11 alamar haɗari ce, sai asibiti nan take. Rigakafi kuwa, wanke hannu da nisanta mai mura daga jariri.