Hannun Jarin Zinare Ba Zinare Ba Ne

Da yawa daga cikin matasa 'yan uwa da Allah Ya hore wa ɗan abin hannu, da zarar sun ji an ce ga hannun jarin kamfanin haƙar zinare, sai jikinsu ya ɗauki rawa. A zatonsu wanda ya saya tamkar ya ajiye zinare ne a akwati. Alhali abin da ya saya rabo ne a cikin rami, da injuna, da albashin ma'aikata, da bashin banki, da kuma rigima da gwamnatoci.

A dubi kamfanin Barrick na ƙasar Kanada. A 2011 farashin oza ɗaya ta zinare ya kai wajen dala 1,900, hannun jarin kamfanin kuma ya haura dala 50. Zuwa ƙarshen 2015 zinare ya sauko wajen dala 1,050, wato bai ma zubar da rabin darajarsa ba, amma hannun jarin ya faɗo ƙasa da dala 10. Dalili kuwa a fili yake: in farashi ya sauka, kuɗin haƙowa ba ya sauka tare da shi, sai ribar ta narke. Sa'annan rami ba ya ƙaura. A Janairun 2025 gwamnatin sojan Mali ta ƙwace wa kamfanin zinare kimanin tan 3, har ya dakatar da aiki a mahaƙarsa ta can.

To, Coca-Cola fa? Ruwa ne da sukari, ba abin burgewa. Amma ana shan sa kullum, ko zinare ya hau ko ya sauka, kuma sama da shekaru 60 a jere kamfanin yana ƙara ribar da yake raba wa masu jari. Attajirin nan na Amurka, Warren Buffett, ya fara sayen hannun jarinsa a 1988 ya riƙe shi shekara da shekaru. Shi kuwa na Barrick, kamfaninsa ya saya a 2020, bai shekara ba ya sayar.

Ba a musun cewa in zinare ya tashi, kamar yadda ya wuce dala 4,000 a 2025, masu jarin haƙa sukan kwashi rabonsu. Sai dai wa ya san ranar tashi da ranar sauka? Saurayin da ke tara kuɗin aure ko jarin shago ba shi da ƙarfin jiran shekara goma kafin kuɗinsa su dawo.

Amma fa kada ɗan uwa ya ruga wajen lemo ido rufe. "Abin sha" suna ne mai faɗi, har giya tana ciki, kuma jari a kamfanin giya haramun ne. Shi kansa Coca-Cola ya fara sayar da wani abin sha mai barasa a Japan a 2018, daga baya kuma ya haɗa kai da masu giyar Jack Daniel's. Ga kuma bashin ruwa da kamfanonin biyu suke ɗauke da shi. Lalle ne ɗan uwa ya kai waɗannan bayanai gaban malami masanin fiƙihun ciniki kafin ya fitar da ko sisi.