Jakar goyo da koren fasfo

1/
Zaren nan dogo ne. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi ya dawo daga baya.

Magana ce a kan matasan da suke goya jaka ɗaya su zaga ƙasashe da ɗan abin da suka tara, da kuma irin tarbar da muke musu idan sun dawo suna ba da labari.

2/
Tambayar farko kullum ita ce: “A ina ya samu kuɗi?” Kafin a tambaye shi me ya gani, an riga an yanke hukunci. Ko ɗan wani ne, ko yahoo yake, ko akwai mai ɗaukar nauyinsa a ɓoye.

Mutumin da ya kwana a ɗaki ɗaya da baƙi bakwai, gado sama da ƙasa, yana cin burodi da shayi sau biyu a rana, shi muke kira ɗan gata.

3/
Abin dariyar shi ne mai tambayar yana riƙe da iPhone ɗin da kuɗinta za su kai shi Akara su dawo da shi. Ban ce sayen waya laifi ba ne. Kowa da inda ya zaɓi ya zuba nasa. Wani shadda, wani lefe, wani hanya.

4/
Amma dai tambayar ba shirme ba ce gaba ɗaya. Tun Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 naira 100,000 ne a Najeriya. Mafi ƙarancin albashi 70,000. Wato littafin kawai ya fi albashin wata. Wanda yake lissafin awon gobe idan ya ji haushin hoton bakin teku, ni na fahimce shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai da haushin ya zama ƙazafi.

5/
Sai kuma masu cewa “yawon banza ne, ɗabi'ar Turawa ce.” A nan zan ɗan zauna.

Gaskiya ne salon jakar goyo da muke gani yanzu daga can ya taso. A shekarun 1960 da 1970 samarin Turai suna bin ƙasa daga Landan, ta Turkiyya da Iran da Afganistan, har Indiya da Nepal. Wasu ma'aurata, Tony da Maureen Wheeler, sun bi hanyar a 1972 har Ostareliya, suka rubuta yadda suka yi da kuɗi kaɗan. Daga nan kamfanin Lonely Planet ya samo asali.

6/
To amma Bahaushe ne za a koya wa tafiya?

Wa ya buɗe hanyar Gwanja? Fatake da jakuna, daga Kano zuwa Salaga, wata da watanni, a kai kanwa da tufafi a dawo da goro. Kalmar zango da ake kiran unguwanni da ita a Kumasi da Akara da Lome, bakin wa ta fito?

7/
Kakanninmu da ƙafa suka je Makka. Ta Borno, ta Chadi, ta Sudan, wasu shekara biyar ko fiye, suna tsayawa su yi noma ko ɗinki su tara guzuri su ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba, jikokinsu na can Sudan har yau suna jin Hausa.

Aiki a hanya don a biya kuɗin hanya, abin da masu jakar goyo suke alfahari da shi yau, su sun daɗe da yi.

8/
Za ku ce ai su neman kuɗi ko ibada ta fitar da su, ba kallo ba. Na ji. To ku nemi labarin Dorugu, yaron yankin Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. Shi ba don nishaɗi ya je ba, ƙaddara ce ta kai shi. Amma abin da ya bari shi ne kallon: yadda Turawa suke cin abinci, gidajensu, sanyinsu. An rubuta shi da Hausa, yana cikin tsofaffin labaran Hausa da aka buga.

9/
Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jarida na Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Ba wanda ya ce musu sun yi yawon banza. A makaranta ma aka riƙa karanta su.

Yau yaro ya yi irin wannan da wayarsa sai a ce “me ka samo?” kamar dole sai ya dawo da kwantena.

10/
Yanzu bari in juya kan ɗaya ɓangaren, don su ma ba su tsira ba: masu tafiyar da masu yi musu tafi.

Akwai wata magana da ta yi yawa: “Kowa zai iya, ka ɗauki jakarka kawai ka tafi.” Wallahi wannan magana ta mai jan fasfo ce. Mai kore bai isa ya faɗe ta ba.

11/
Ɗan Jamus ya tashi da safe ya ga tikitin Bankok ya yi araha, ya saya, ya tafi. A filin jirgi za a buga masa hatimi.

Kai kuma kafin ofishin jakadancin Tailan ya kalli takardunka sai ka kawo shaidar NDLEA cewa ba ka da alaƙa da ƙwaya. Ba ka yi komai ba tukuna, amma daga wanke kai za ka fara.

12/
Bizar Shengen yuro 90 ce tun watan Yunin 2024, ban da kuɗin 'yan karɓar takardu, da inshora, da bayanan banki na watanni. Idan an hana ka, kuɗin sun tafi. Kuma a 2024 kusan rabin masu nema daga Najeriya hana su aka yi.

13/
Ga inda abin yake cin karo. Daɗin tafiyar jakar goyo shi ne rashin tsari: yau kana nan, gobe ka ji labarin wani gari ka canza hanya. Ita kuwa biza tsari take so. Ina za ka kwana ranar Talata? Ina tikitin dawowa? Wa zai tsaya maka? Me ka bari a gida da zai sa ka dawo?

Saurayi mara aure, mara gida, mara albashin gwamnati, shi ne ainihin wanda ya dace da wannan tafiya, kuma shi ne ainihin wanda ake hana wa biza.

14/
Tayo Aina, wanda ya yi suna da bidiyon tafiye-tafiye a YouTube, sai da ya sayi takardar zama ɗan ƙasar St Kitts da Nevis don ya samu fasfo na biyu. Da bakinsa ya faɗa. Mutumin da tafiya ce sana'arsa ke nan.

Don haka idan ka ga wani yana tsallaka ƙasashe kamar yana tsallaka kwata, tambayar da ta dace ba “a ina ya samu kuɗi” ba ce. Ka tambaya da wane fasfo yake yawo.

15/
Kuma ina roƙon masu tafiyar: ku riƙa faɗa. Ku faɗi sau nawa aka hana ku. Ku faɗi awa nawa aka ajiye ku a gefe a filin jirgi ana juya fasfonku. Ku faɗi nawa kuka kashe har da wanda ya tafi a banza. Hoton faɗuwar rana kowa ya iya ɗauka.

16/
Dalilin da ya sa na dage a kan wannan: cikin masu kallonku akwai wanda ba yawon buɗe ido yake so ba. Fita yake so, ko ta halin ƙaƙa. Shi ne mai cewa “yaya, nuna min hanya.” Idan kun nuna masa cewa boda wasa ce, kun taya ɗan sumoga talla.

17/
A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata da yara, kuma mutanenmu ne na kudancin Nijar. Ƙishirwa ce ta kashe su. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon mutane a Libiya.

Mai jakar goyo yana da kuɗin komawa gida a aljihu. Wanda ya hau bayan Hilux daga Agadas ba shi da su. Kar kowa ya haɗa muku biyun.

18/
To ina mai koren fasfo zai fara? Kusa da gida mana.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza har kwana 90. Legas zuwa Akara bai kai kilomita 500 ba, amma ƙasa huɗu za ka taka: ka fita ta Seme, ka ratsa Kwatano, ka shiga Togo, ka tsallaka Aflao. Kuɗi kala uku, naira da sefa da sidi. Turanci ya koma Faransanci ya sake komawa Turanci a yini ɗaya.

19/
Ka riƙe katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Ka riƙe canji ƙanana, don duk wanda ya bi hanyar zai gaya maka ana neman na goro kafin a buga hatimi, musamman idan fasfonka sabo ne fil. Ba doka ba ce, kuma abin kunya ne, amma gara ka sani tun daga gida.

20/
Idan ka isa Akara ka ce a kai ka Nima. Za ka yi ciniki da Hausa, ka yi sallah, ka sha koko da ƙosai da safe. Abincin da Ganawa suke ji da shi, waakye, sunansa daga wake ya fito. Ka tsallaka boda uku ka tarar kakanka ya riga ka zuwa.

Ni dai a wurina wannan ya fi hoto a gaban hasumiyar Paris.

21/
Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a hukumance a watan Janairun 2025, kuma dokokin boda suna iya canzawa a dare ɗaya. Ka tambayi direbobin tasha kafin ka tashi, sun fi intanet sanin halin da ake ciki. Hanyoyin cikin Mali da Burkina kuwa, a yanzu ba wurin gwada jarumta ba ne.

22/
Mai ɗan ƙarfin tikitin jirgi, Ruwanda ba ta neman biza daga 'yan Afirka kafin su taso. Wannan kaɗai ya cire rabin ciwon kai.

23/
Saura maganar mata, kuma na san a nan za a taso min.

Namiji ya yi tafiya a ce ɗan gata. Mace ta yi, kalmomin da ake jifanta da su ba zan iya rubuta su ba. Pelumi Nubi ta tuƙo ƙaramar Peugeot 107 ita kaɗai daga Landan zuwa Legas a 2024, fiye da wata biyu a hanya, har hatsari ta yi a Kodebuwa ta gyara ta ci gaba. Aka yi mata tarba a Legas. Ku yi tunanin a ce sunanta Hauwa, daga Gusau.

24/
Hukuncin tafiyar mace ba muharrami magana ce ta malamai, kuma mai son ya yi nasiha yana da hanyar yi. Amma jifan yarinyar da ba ka sani ba da zargin alfasha saboda ka ga hotonta a tashar mota a Dakar, wannan ba nasiha ba ce, kuma kai ma ka san sunan da shari'a ta ba shi. Sau da yawa ma wanda ya ɗauki hoton yayanta ne ko mijinta.

25/
Wani abu kuma ga masu tafiyar: ku daina dawowa kuna kallon mutane kamar ba su waye ba. Kwana goma a Kigali ba digiri ba ne. Akwai tsohon direban tirela a unguwarku da ya san Agadas da Njamena da Duwala kamar tafin hannunsa, bai taɓa ɗora hoto ba. Ku je ku gaishe shi, ku ji yadda ake ba da labarin hanya.

26/
Wanda ya bi hanyar Seme zuwa Aflao a bana, ko ta Jibiya zuwa Maraɗi, ya taimaka ya rubuto mana nawa ya biya mota, nawa aka karɓa a kowace boda, da inda ya kwana. Da fasfo ya wuce ko da kati? Akwai yara biyu da suke shirin tafiya bayan sallah, kuma lissafin da nake da shi ya tsufa.