Ku daina kawo mana hujjar yaƙi daga cikin gem

Jiya da daddare wani ɗan'uwa da nake ganin girmansa ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasa wai in kalli yadda ake kakkaɓo jiragen Amurka kamar ana kaɗe fara. Na buɗe. Ban yi daƙiƙa biyar ba na gane gem ne. Hayaƙin da ke bin makamin ma na san shi, don ya sha kashe ni a kwamfutata. Na gaya masa. Sai ya ce to ko gem ne ai simuleta ne, kuma an ce komai na ciki daidai yake da na gaske, saboda haka abin da ya nuna haka zai faru a fagen daga.

Maganar nan ta biyu ita ta hana ni barci, shi ya sa kuke ganin wannan dogon rubutu. Wanda ba ya son karatu ya wuce, ba za mu ɓata ba.

Batun bidiyon bogi kam tsohon zance ne. A watan Fabrairun 2022, da aka fara yaƙin Rasha da Ukraine, bidiyon matuƙin nan da aka yi wa laƙabi da fatalwar Kyiv ya zagaye duniya, alhali da wasan DCS World aka haɗa shi. Shi kuwa Arma 3, an yi ta yanko shi ana cewa yaƙi ne har sai da kamfanin da ya yi shi, Bohemia Interactive na ƙasar Czech, ya fito a ƙarshen 2022 yana koya wa mutane yadda za su bambance wasansa da hoton gaske. A yaƙin kwana 12 na Iran da Isra'ila a watan Yunin 2025 ma mun ga irinsu a shafukanmu, wasu har da kabbara a ƙasa. Wannan duk mai sauƙi ne, ka nuna wa mutum ya ji kunya ya goge. Mai wuyar shi ne wanda ya san gem ne, amma ya ɗauke shi madubin gaskiya.

Ni ba maƙiyin waɗannan wasanni ba ne. Na yi shekaru ina tuƙa jirgin yaƙi a kwamfuta, na ƙona data da man janareta da ba zan faɗi adadinsu ba don iyali suna karanta shafin nan. Kuma zan ba su haƙƙinsu: cikin ɗakin matuƙi sun yi aiki. Kowane maɓalli yana inda yake, kuma yana aikin da aka yi shi dominsa. Kafin ka tada injin F-16 ka ɗaga sama ba tare da ka yi ɓarna ba, sai ka zauna da littafi mai ɗaruruwan shafuka. Amma da zarar ka sauke idonka ƙasa, wajen makaman da aka girke don su harbo ka, sai ka tarar da ɗayan biyu: ko dolo ko aljani.

Dolon shi ne wanda zai kunna na'urar rada tun safe ya bar ta a kunne har dare. Ga wanda bai sani ba, rada tamkar mutum ne da ya kunna tocila a cikin duhu yana neman ɓarawo. Yana gani, amma kowa ma yana ganin inda yake tsaye. Akwai makami mai linzami da ake kira HARM, aikinsa kawai ya bi wannan hasken har gidansa. To a gem, sai ka harba HARM daga nesa, ka juya ka kama hanyar gida, shi kuwa bawan Allah yana nan tsaye da tocilarsa yana jiran ajali. Ba ya kashewa, ba ya ƙaura, ba ya kiran maƙwabcinsa.

Aljanin kuma na haɗu da shi da kaina, a wani wasa da ba sai na kira sunansa ba. Na shafe kusan awa guda ina rarrafe da jirgi a cikin kwari, tsauni ya kare ni, na'urar gargaɗi shiru. Kwatsam sai allo ya yi baƙi. Da na maido da hoton baya don in ga me ya ci ni, wallahi sai ga makami ya shiga dutse ta can ya fito ta nan kamar allura a tsumma, ya same ni. Bayan 'yan makonni aka sabunta wasan. Na koma wuri ɗaya, rukunin makamai ɗaya. Wannan karon duk abin da ke bakinsa ya harba wa tudun da ke gabansa, ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina shawagi a kansa kamar shirwa. Yanzu fisabilillahi, wanne daga cikin biyun ne gaskiyar makamin? Na ranar Talata ko na bayan sabuntawa?

Bari in ba ku labarin na gaske, ku auna da kanku. Ran 27 ga Maris 1999, lokacin da NATO ke luguden wuta a Yugoslabiya, aka harbo F-117, jirgin Amurka da aka ƙera musamman don kada rada ta gan shi. Da me aka harbo shi? Da S-125, makamin Tarayyar Sobiyet na farkon shekarun 1960. Kwamandan rukunin, Zoltan Dani, ya kafa wa yaransa doka: ba a barin radar saiti a kunne fiye da kamar daƙiƙa 20, kuma ba a daɗewa wuri ɗaya, a tattara kaya a ƙara gaba. Ya horar da su har suka iya kwance kayan su ɗaure cikin gaggawa. Ya lura jiragen suna yawan bin hanya ɗaya. Rukunin nasa ne kuma ya sake harbo F-16 ran 2 ga Mayu, wanda matuƙinsa, David Goldfein, daga baya ya zama babban hafsan sojan saman Amurka. A kwana 78 na wannan yaƙi NATO ta harba HARM sama da 700, amma har aka gama ba ta iya share makaman kariyar Sabiyawa ba, saboda mutanen sun ƙi tsayawa da tocila a kunne.

Yanzu koma baya zuwa 9 ga Yuni 1982, kwarin Bekaa a Lebanon. Siriya ta girke rukuni 19 na makaman Sobiyet, yawancinsu SA-6, wanda ya wahalar da Isra'ila a yaƙin 1973. Amma sun daɗe zaune wuri guda, an gama sanin inda kowanne yake. Isra'ila ta turo jirage marasa matuƙa a matsayin tarko, Siriyawa suka kunna rada suka bi su, aka karanta su tsaf, a yini ɗaya aka lalata kusan duka. SA-6 ya fi makamin Dani sabunta, kuma a kan mota mai sarƙa yake, an yi shi ne don yawo. Ƙarfe mafi kyau ya ƙone a wuni guda, tsohon ƙarfe ya kada jirgin da ba a gani. Bambancin yana wajen mutanen da ke zaune gaban allo da wanda ke ba su umarni, kuma wannan ne daidai abin da gem ɗinka ya bari a waje.

Sai kuma masu bidiyon YouTube, irin "F-35 guda hamsin da S-400, wa zai yi nasara?" Malam, tambayi kanka daga ina aka samo lambobin da aka zuba wa S-400 ɗin. Yadda radarsa ke jure kutse, yadda kan makamin ke bambance jirgi da tarkacen yaudara, duk sirrin ƙasa ne. Haka na F-35. Tsofaffi irin S-75, wanda ya harbo U-2 na Gary Powers ran 1 ga Mayu 1960, littattafansu sun fito fili, ana iya kwaikwayonsu da kyau. Sababbi kuwa, wani ne ya zauna a ɗakinsa ya ɗauki lambar takardar talla ya cike gurbin da hasashe. Kun tuna a 2021 wani ɗan wasan War Thunder ya saki takardun sirri na tankar Challenger 2 ta Birtaniya don kawai ya ci gardama? Masu wasan da kansu suka ce ba za su taɓa su ba, don doka ta hana. Ma'ana, ko gaskiyar ta zo har ƙofar gida ba su da ikon shigar da ita.

Ita kanta lambar tallar, a yi hattara da ita. Za ka ji an ce makami kaza yana cin kilomita 400. E, idan abin harin yana can ƙololuwar sama. Duniya a lanƙwashe take. Rada da ke kan sanda mai tsayin mita 10 ba za ta hango jirgin da ke tafiya mita 30 daga ƙasa ba sai ya matso kamar kilomita 35, ko da a fili ne fetal babu tudu babu bishiya. Shi ya sa ƙasashe ba sa dogara da rukuni ɗaya. Suna haɗa rada mai hangen nesa, da jirgin leƙe a sama, da ƙananan makamai masu gadin manya, duk suna magana da juna. A DCS, 'yan wasa ne da kansu suka zauna suka rubuta ƙarin manhaja irin Skynet IADS don makaman su riƙa kashe rada suna aiki tare. Allah ya saka musu, amma abin tambaya ne a ce sai 'yan sa-kai sun kawo wannan.

Kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jirgi ake sayarwa. Sabon jirgi mai kyan ɗakin matuƙi shi ke kawo kuɗi, babu wanda zai biya dala sittin don a ƙara wa abokin gabansa wayo. Mu ma masu saye muna da laifi: za mu yi sati muna rigima a kan launin wani maɓalli, amma makamin da ke tsaye kamar gunki ba ya damunmu, tunda yana barinmu mu dawo gida muna jin mu jarumai ne.

Na san wani zai ce ai na gaske ma suna da tangarɗa. Ƙwarai kuwa, kuma tasu ta fi ban tsoro. Ran 25 ga Fabrairu 1991, a Dhahran ta Saudiyya, makamin Scud na Iraƙi ya faɗa kan masaukin sojojin Amurka ya kashe 28, Patriot yana wurin bai ko harba ba. Me ya faru? Agogon cikin kwamfutarsa yana ƙirga lokaci da ɗan guntun kuskure, an bar na'urar a kunne kimanin awa 100, kuskuren ya taru ya kai kusan sulusin daƙiƙa. A wannan ɗan lokacin Scud ya yi tafiyar fiye da rabin kilomita, sai rada ta duba inda ba ya nan, ta ɗauka babu komai. Gyararriyar manhajar ta iso washegari. A 2003 kuma Patriot ya harbo Tornado na Birtaniya da F/A-18 na Amurka, nasu na kansu. Amma ka lura, waɗannan ba su ne tangarɗar da ke cikin gem ba. Gem bai san agogo mai zamewa ba, nasa makamin ratsa dutse yake yi. Kuskure biyu mabambanta ba sa haɗuwa su zama daidai.

Akwai kuma abin da ban taɓa gani a kowane simuleta ba. Ran 8 ga Janairu 2020, sa'o'i kaɗan bayan Iran ta harba makamai kan sansanin Ain al-Asad a Iraƙi, ana zaman ɗar-ɗar ana jiran martanin Amurka, wani rukunin Tor kusa da Tehran ya ga abu a allo. Jirgin fasinja ne na Ukraine da ya tashi 'yan mintoci kafin nan. Mutum 176, babu wanda ya tsira. Kwamandan Iran ɗin da ya yi bayani daga baya ya ce mai harbin ya zaci makami ne mai linzami, sadarwarsa ta katse, kuma daƙiƙa 10 yake da su ya yanke shawara. Wannan mutumin da bai yi barci ba, gabansa na faɗuwa, ba ya samun na sama da shi, shi ne rabin kowane makamin kariya a duniya. A gem babu shi. Akwai layin lissafi da ke cewa in abu ya shigo da'ira kaza, harba.

Ban ce a daina wasa ba, ni ma anjima in an kawo wuta zan hau. In kana so ka fahimci me ya sa matuƙi ke sauka ƙasa-ƙasa, ko me ya sa yake juya wa rada gefe, ko yadda makami ke rasa ƙarfi in ya yi nisa bayan injinsa ya mutu, simuleta zai koya maka fiye da jarida. Iyakarsa ke nan. Amma ka zo ƙarƙashin rubutuna kana rantsuwa cewa makamin Rasha ya gama da Amurka, ko na Amurka ya gama da Iran, hujjarka bidiyon wani yaro da ya jera jirage a kwamfuta, wannan kam ba zan ƙyale ba.

Shi kuwa ɗan'uwana na gayyace shi ranar Asabar. Zan girka masa S-300 a taswira in tarwatsa shi yana kallo, sannan in canza saiti biyu in miƙa masa sandar tuƙi, mu ga ko zai kai minti uku a sama. Na ce ya taho da kuɗin mai.