Maye Ba Ya Tsayawa Kan Mai Shi

Tun da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'a a 1999, giya ta ɓace daga idon jama'a a Zamfara. Amma maye bai bi ta ba, riga kawai ya sauya. Ƙwayar tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta a 2018, su suka gaje ta, kuma ba su tsallake gidajen ma'aikata ba.

Malamin da ya kwana a buge ba ya riskar darasin farko. Sai a gwama ajinsa da na abokin aikinsa, yara su cushe, karatu ya gurgunce. Daga Damri zuwa Talata Mafara da Maradun, rashin tsaro ya riga ya cinye wa ɗalibanmu kwanaki masu yawa. Ba mu da rarar da za mu ba maye. Ranar da babur ya kayar da shi kuwa, albashi ya ƙare a wurin ɗori, iyali su shiga bashi, mu kuma mu koma karo-karo.

Rufa masa asiri a rajistar zuwa aiki ba zumunci ba ne, kora kuma ba magani ba ce. Ya kamata reshenmu na NUT ya naɗa dattawa masu riƙon amana su ja irin wannan ɗan'uwa a jiki tun da wuri, su raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware idan ta kama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.